Yadda aka riƙa lissafa kujerun Majalisar Wakilan Amurka da ƙa'idar uku bisa biyar

Kundin tsarin mulkin Amurka da aka tsara a Philadelphia a 1787 ya ce a raba kujerun Majalisar Wakilai, da harajin kai-tsaye, gwargwadon yawan mutanen kowace jiha. Sai dai a lokacin ba kowa ake ƙirgawa daidai ba: uku bisa biyar na yawan bayi kawai ake sakawa a lissafi. Mai son gane yadda abin ya yi aiki ya ɗauki alƙalami ya yi lissafin da kansa, da alƙaluman ƙidayar 1790. Jihar Virginia ce za mu yi amfani da ita, domin ta fi kowace jiha yawan bayi.

Da farko ka ware masu 'yanci. Ƙidayar ta ba Virginia mutum 747,610, cikinsu bayi 292,627. Cire wannan daga wancan, saura 454,983. A nan mutane suka fi yin kuskure, suna zaton duk baƙar fata ake ragewa. Ba haka ba ne. Baƙin da ba bawa ba ana ƙirga shi cikakke, haka mata da yara duk da ba sa zaɓe, haka wanda ya ɗaure kansa da yarjejeniyar aiki na wasu shekaru. 'Yan asalin ƙasar da ba sa biyan haraji kuwa ba sa cikin lissafin sam.

Sai ka ninka yawan bayi da 3, ka raba da 5. Na Virginia ya ba da 175,576. Ka lura kundin bai ambaci kalmar bawa ba, cewa kawai ya yi sauran mutane. Haɗa wannan da masu 'yanci, ka sami 630,559. Wannan adadin ne jiha ke shiga rabo da shi.

Mataki na gaba shi ne rabawa. Kundin ya hana a ba da wakili fiye da ɗaya ga kowane mutum 30,000, ya bar sauran bayani ga majalisa. Ƙudurin farko, mai kujeru 120 bisa tsarin Alexander Hamilton, George Washington ya ƙi sa masa hannu a watan Afrilun 1792, karo na farko da wani shugaban Amurka ya hau kujerar na-ƙi. Dokar da ta maye gurbinsa ta bi tsarin Thomas Jefferson: raba adadin kowace jiha da 33,000, ka watsar da ragowar komai yawanta. Virginia ta tashi da 19 da ɗan ɗoriya, wato kujeru 19 cikin 105. Kada ka cike ragowar zuwa sama, lissafinka zai saɓa da tarihi. Jihar Delaware ta sami kusan 1.7, amma kujera ɗaya tak aka ba ta.

Yanzu gwada lissafin ta fuska biyu. In ba a ƙirga bayi ko ɗaya ba, Virginia na da 13. In an ƙirga su duka, 22. Ka ajiye wannan kusa da Massachusetts, wadda a lokacin ta haɗa da Maine: mutum 475,327, ba bawa ko ɗaya a takardar ƙidaya, kujeru 14. Masu 'yancinta sun fi na Virginia yawa, amma Virginia ta fi ta da kujeru biyar. Wanda ake saya ake sayarwa, ba shi da ƙuri'a, shi ne ya ƙara wa ubangijinsa murya a majalisa. Shi ya sa a taron tsara kundin wasu wakilan Kudu, inda bayi suka fi yawa, suka nace a ƙirga bayi cikakku, da yawa daga 'yan Arewa kuma suka ce kada a ƙirga su. Wanda ya ɗauka masu bayi ne suka so ragin, ya juya labarin.

Kada ka tsaya a majalisa. Yawan wakilan kowace jiha da ke zaɓen shugaban ƙasa shi ne kujerunta a Majalisar Wakilai haɗe da sanatoci biyu, don haka ƙara 2. A zaɓen 1792 Virginia na da 21, Massachusetts 16. Ɓangaren haraji, wanda ya kamata ya zama abin da Kudu za ta biya a madadin wannan garabasa, bai taka kara ya karya ba, domin gwamnatin tarayya ta fi dogara da kuɗin fito, harajin kai-tsaye kuwa jefi-jefi ake ɗora shi, na farko a 1798.

Ƙa'idar uku bisa biyar ta yi aiki ne daga ƙidayar 1790 zuwa ta 1860. Gyara na 13 ga kundin ya haramta bauta a 1865, gyara na 14 kuma a 1868 ya ce a ƙirga kowa cikakke, ban da 'yan asalin ƙasar da ba sa biyan haraji. Daga ƙidayar 1870 sai ka daina ninkawa da uku bisa biyar, ka ɗauki jimillar jihar yadda take.