Auren fitaccen mawaƙi: abin da za ki bincika, abin da za ki riƙe, da yadda ake fita idan zama ya ƙi

Muryar da kike ji a waya an tace ta a situdiyo, wani baitin sai an maimaita shi sau ashirin kafin a zaɓi wanda ya fi daɗi. Mutumin da za ki zauna da shi kuwa babu wanda ya tace shi. Abin da 'yan mata ba su cika lura da shi ba shi ne yadda suna ke karkatar da ma'auni a cikin gida: kuɗi a hannunsa suke, mutanen da ke kewaye da ku daga aljihunsa suke ci, idan kuma aka saɓa, bakinsa duniya za ta saurara. Don haka, 'yar uwa, shirinki ya tsaya a kan abu huɗu da ba za su bar hannunki ba: kuɗinki, takardunki, mutanenki da sunanki.

Lokacin nema

Kada ki yanke shawara sai kin gan shi a yanayi biyu: lokacin da yake zagayen wasanni ana rububinsa, da lokacin da ya saki waƙa ba ta karɓu ba. Na biyun ya fi faɗa miki gaskiya. Ki lura da yadda yake magana da direba da makaɗa da yaron da ke ɗaukar kaya, domin da harshen nan zai yi miki magana ranar da ɗoki ya wuce.

Bincike kuma ba a wajen yaransa ake yi ba, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nemi waɗanda suka rabu da shi: tsohon manaja, makaɗin da ya bar ƙungiya. Shi kansa ki tambaye shi kai tsaye game da auren baya, 'ya'ya, bashi da shaye-shaye, ku kuma yi gwajin jini tare, ki ga sakamakon da idonki. Idan ya ce a ɓoye soyayyar don kada masoyansa mata su watse, wannan ana iya ɓoye wa jama'a, amma ba iyayenki ba. Tazarar shekaru ma abin dubawa ce. Priscilla tana da shekara 14 lokacin da ta haɗu da fitaccen mawaƙin Amurka Elvis Presley a Jamus a 1959, shi yana da 24; sun yi aure a 1967, suka rabu a 1973. Yarinyar da ta girma a inuwar mai suna tana daɗewa ba ta gano abin da ita kanta take so ba.

Ki fahimci inda kuɗin ke fitowa

A nan aka fi yaudaruwa. Mota da sarƙar da ke cikin bidiyo sau da yawa na haya ne. Kuɗin kafin alƙalami da kamfanin waƙa ke ba mawaƙi ba kyauta ba ne, ana cire shi daga kasonsa har sai ya biya, saboda haka mutum na iya yin tashe shekara biyu kamfani na binsa bashi. Manaja yakan ɗauki kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, mai nemo masa wasanni kusan kashi 10, sannan ga makaɗa, sufuri da haraji. Manhajojin sauraro irin su Spotify abin da suke biya a kan sauraro ɗaya bai kai santi ɗaya na dala ba, kuma sai bayan watanni yake isowa. Samunsa ambaliya ne yau, fari gobe.

Maganin wannan shi ne ku yanke adadin kuɗin gida na wata, ya riƙa shiga asusu a rana tsayayya ko an yi wasa ko ba a yi ba, a kuma ware na wata shida a gefe lokacin da kasuwa ke ci. Ke kuma ki riƙe asusun banki da sunanki kaɗai, da lambar sirrin da bai sani ba, kada ki ajiye aikinki ko karatunki don bin sa yawon wasa.

Duk waƙa tana da haƙƙin mallaka iri biyu: na baiti da karin waƙar, da na rikodin ɗin da aka ɗauka. Na farkon yana daɗewa, a yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka aƙalla shekara 50 bayan mutuwar marubuci, a Amurka da Tarayyar Turai 70. Idan kin rubuta baiti ko kin yi amshi, a rubuta kasonki a takarda ranar da aka ɗauki waƙar, kowa ya sa hannu. "Ai mu ɗaya ne" ba ta tsayawa a kotu. Kada kuma ki sa hannu a kwantiragi ko ki tsaya masa a bashi sai lauyan da ke kika ɗauka ya karanta. Lauyansa shi yake karewa. Ki tambayi lauyan yadda dokar ƙasarku ke kallon dukiyar ma'aurata, don a wasu wurare kamar jihar Kalifoniya ta Amurka abin da aka samu cikin aure na biyun ne, a wasu kuwa kowa da nasa.

Zaman yau da kullum

Ku yi magana tun wuri a kan kwana nawa zai yi a waje a wata, wa ke da izinin shigowa gida da ƙarfe nawa, da ko hotonki da na yara zai hau kafafen sada zumunta. Saƙonnin masoya ba za su daina zuwa ba, bin wayarsa kullum ciwon kai kawai zai ƙara miki. Abin aunawa shi ne ko yana cika iyakar da kuka yi. Kada ki mayar wa masu zagi martani, su ba sa gajiya.

Idan abin ya wuce saɓani

Saɓani daban, mallakewa daban. Alamominta: ya raba ki da ƙawaye da dangi, ya riƙe fasfonki ko katin bankinki, ya sa yaransa su riƙa kai masa rahotonki, ya yi duka ya dawo da kyauta da kuka, wani lokacin har da waƙa da sunanki. Mawaƙiyar Amurka Ronnie Spector ta ce mijinta Phil Spector, mashahurin mai shirya waƙoƙi, har takalmanta yake ɓoyewa don kada ta fita. A 1972 ta gudu ba takalmi da taimakon mahaifiyarta. Idan mijinki ya taɓa maƙure miki wuya, ko sau ɗaya ne, kada ki jira na biyu: bincike ya nuna hatsarin kisa yana ninkuwa kusan sau bakwai ga matar da aka taɓa yi wa haka.

Fita shiri take so, kuma lokacin fitar ne ya fi hatsari, don haka kada ki sanar da shi ke kaɗai a ɗaki. Ki kai fasfo, takardar aure, takardun haihuwar yara, magunguna da kuɗin wata ɗaya zuwa uku wajen wanda ba ya cin abincinsa. Ki ɗauki hoton raunuka da saƙonnin barazana da kwanan watansu, ki tura wa sabon imel da ba a buɗe shi a wayar gida ba. Ki je asibiti a rubuta rahoto, domin kalmarki kaɗai a gaban mai miliyoyin masoya ba ta da nauyi. Ki kashe nuna wuri a wayarki, ki sauya duk lambobin sirri, idan shi ya saya miki wayar ki bar ta.

Kada ki kai maganar intanet kafin ki kai ta wajen lauya ko hukuma. Abin da kika rubuta cikin fushi zai iya dawowa a matsayin ƙarar ɓata suna.

A wajen sulhu ko kotu, kada gajiya ta sa ki yafe komai don a rabu. Ronnie ta saki haƙƙinta na kuɗin waƙoƙi a rabuwarsu ta 1974, ta kwashe shekaru tana shari'a daga baya. Mawaƙiya Tina Turner ta bar mijinta kuma abokin waƙarta Ike a birnin Dallas na Amurka a 1976 da santi 36 na dala a hannunta, bashin wasannin da aka soke ya hau kanta, amma a shari'ar da aka kammala a 1978 ta dage sai an bar mata sunan da take waƙa da shi, wanda Ike ya yi wa rajista. Kafin ki zauna teburin, ki rubuta jerin duk waƙar da kika sa baki ko alƙalami a ciki, duk takardar da ke ɗauke da sa hannunki, da duk bashin da aka ci da sunanki, ki miƙa wa lauyanki.