Esi na aiki, ɗaki bai yi sanyi ba: kurakuran gyaran bututun iska a gidajen Amurka

Mutumin da ya saba da esin da ake kafawa a bango, kowane ɗaki da nasa, idan ya sayi gida a unguwannin bayan gari na Houston ko Atlanta ko Columbus, yakan jima kafin ya gane kan gidan. Na'ura ɗaya ce tak take sanyaya ko'ina da bazara, ta ɗumama ko'ina da hunturu, bututu ne kuma ke rarraba iskar ɗaki-ɗaki. A jihohin kudu bututun yakan bi ta cikin rufi, saman silin. A arewa galibi yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko a ramin da ake bari tsakanin daɓe da ƙasa. Duk inda ya bi dai ido ba ya ganinsa, shi ya sa da zarar ɗakin sama ya ƙi sanyi ko kuɗin wuta ya haura, na'urar ce ke shan zagi. Alhali shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa a yawancin gidaje, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da ke bi ta bututu tana zurarewa ne ta tsagu da huji da mahaɗar da ba ta zauna daidai ba. Ka biya kuɗin sanyin, cikin rufi ya sha.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi daga nan yake farawa. Mai gida ya kira ɗan kwangila ya ce esi ya gaza, shi kuma ya zagaya bayan gida ya leƙa na'urar waje, ya ce tan 3 ce, a mayar da ita tan 4 (tan shi ne ma'aunin ƙarfin sanyin esi). Ba wanda ya hau tsani. To kowace tan ɗaya ta sanyi tana buƙatar iska kusan ƙafa kubik 400 a minti, abin da masu aikin ke kira CFM 400. Bututun da aka shimfiɗa don CFM 1,200 yanzu an ce ya ɗauki 1,600. Ba zai ɗauka ba. Bakin bututu zai fara fito, fanka ta riƙa wahala, murɗaɗɗen bututun da ke sanyaya iskar ya yi ƙanƙara saboda iska ba ta ratsa shi yadda ya kamata. Ga kuma wata matsalar da mutanen Houston suka sani sarai: babbar na'ura tana saurin kai sanyin da aka saita ta mutu, ba ta yi aikin da zai tsotse laimar ɗaki ba, sai ka ji ɗakin da sanyi amma jiki na danƙo.

Maganin shi ne awo kafin saye. Ƙungiyar masu aikin esi ta Amurka, ACCA, tana da ƙa'idojin lissafi: Manual J na auna yawan sanyi da ɗumin da gidan ke buƙata, Manual D na auna girman bututun da zai ɗauke shi. Sannan akwai gwajin matsin iska, wanda ba ya cin minti 15: a huda ƙananan huji kafin fanka da bayanta, a sa ma'auni. Yawancin na'urorin gida an ƙera su ne su yi aiki a matsin da bai wuce rabin inci na ruwa ba, wato ƙarfin da zai ɗaga ruwa rabin inci a ma'auni. Idan awo ya nuna kusan ninkin haka, ciwon yana bututu, kuma sabuwar na'ura za ta gaji ciwon ne kawai. Ɗan kwangilar da ya yanke maka farashin na'ura ba tare da ya fito da ma'auni ba, ni a wurina ɗan kasuwa ne, ba mai gyara ba.

Salatif mai ruwan toka

Wanda ya yi niyyar gyara da kansa kuma, wuri ɗaya kusan kowa yake tuntuɓe. Ya shiga kanti ya ga salatif ɗin nan mai ruwan toka mai bayan yadi, sunansa ma na bututu ne (duct tape), ya sayo ya naɗe mahaɗa. A 1998 wasu masu bincike biyu na ɗakin gwajin Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya, Max Sherman da Iain Walker, sun gwada kayan liƙi iri-iri da iska mai zafi da mai sanyi, kuma wannan salatif shi ne ya riƙa sakewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cikin rufi da tsakar bazara yakan haura digiri 55 a ma'aunin Salshiyas, gam ɗin ya bushe, yadin ya ɗaye ya bar farin gari a jikin kwano. Ka shiga rufin tsohon gida za ka gan shi yana reto.

Abin da ke riƙewa shi ne mastik, wani liƙi da ake sayarwa a bokiti, mai kauri kamar tunkuza. Idan salatif za a sa, to na alminiyam mai tambarin gwajin inganci na UL 181 a jikinsa. Kafin a fara, a kashe na'urar daga makunninta na bango da kuma akwatin wuta. A shiga da sassafe kafin rana ta buɗe, da takunkumi da safar hannu da riga mai dogon hannu, don audugar gilashin da ke rufe da bututu tana da ƙaiƙayi. A taka katako kawai. Silin ɗin gidajen nan ba ya ɗaukar mutum, ƙafa ɗaya ta kuskure sai a gan ka a falo.

Gano inda ke yoyo ba wuya. Duk inda audugar ta yi baƙi-baƙi a kusa da mahaɗa, iska ce ta shekara tana bi ta wurin tana barin ƙura. In kuma fanka na aiki, tsinken turare ya wadatar: kai shi kusa da mahaɗa, ka ga hayaƙin ya tarwatse ko an zuƙe shi ciki. A kula dai da garwashinsa a wurin da ke cike da katako. A fara da akwatunan kwano da ke manne da na'urar, don a nan matsin ya fi ƙarfi kuma nan ne asarar ta fi yawa. Mahaɗar bututun kwano mai zagaye sai an fara ɗaure ta da sukuru aƙalla 3, a goge ƙura, sannan a shafa mastik da burushi ko da hannu, kaurinsa kamar na kwandalar santi 5. Shafa ta yi wa ido kwalliya ba ta aiki. Tsagar da ta wuce kwatan inci, mastik kaɗai ba zai haye ta ba, sai an ɗora ragar zaren gilashi a shafe ta sama da ƙasa. Wurin da aka fi mantawa shi ne inda bakin bututu ya haɗu da silin: cire ragar ƙarfen nan ta ɗaki, sau da yawa za ka ga rata zagaye da ita wadda yatsa zai shiga. Wuri biyu ne ba a kai musu mastik: ƙofar na'urar da mai gyara zai buɗe gobe, da bututun hayaƙin na'urar ɗumama, wanda aikinsa daban ne kuma zafinsa daban.

Bututun da ya bi ta cikin bango, inda hannu ba ya kaiwa, akwai hanyar fesa masa ƙwayoyin liƙi daga ciki, Aeroseal, wadda ita ma daga ɗakin gwajin Berkeley ta fito. Ƙananan huji take toshewa. Bututun da ya cire gaba ɗaya sai an kai masa hannu.

Bututu mai lanƙwasa

A gidajen da aka gina shekarun baya-bayan nan, musamman a kudu, mafi yawan bututun roba ne mai murɗaɗɗiyar waya a ciki, an naɗe shi da auduga da leda mai ƙyalli. Yana da araha da sauƙin sawa, kuma sauƙin nan ne ke jawo ganganci. Wurin da ke buƙatar ƙafa 12, sai a jefa ƙafa 25 yadda ya fito daga kwali, ragowar ta kwanta tana maciji. Robar ciki in ba a ja ta ta miƙe ba, taƙure take yi, iska ta riƙa karo da kowace gaɓa, abin da ya isa ɗaki ya zama numfashi kawai.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi sosai. A yanke rarar, a ja robar ciki ta miƙe tsaf. A rataye shi da maɗauri mai faɗin aƙalla inci 1 da rabi, tazarar da ba ta wuce ƙafa 4 ba, kuma saukowar tsakiya kada ta wuce rabin inci a kowace ƙafa. Waya ko siririyar igiya shaƙe shi take yi. Inda zai yi kwana, a bar masa kwana mai faɗi, ko a sa gwiwar kwano. Wajen haɗawa kuma robar ciki ce ake zura wa wuyan kwano, a shafa mastik, a ɗaure da maɗaurin roba a ja shi da abin jansa, sannan a dawo da auduga da leda a rufe. Masu gaggawa ledar waje kawai suke ɗaurewa. Daga waje tsaf, ciki kuwa a buɗe.

Sai audugar kanta. Iskar da ta baro na'ura tana kusan digiri 13, ga ta tana ratsa rufi mai digiri 55. Dokar tsimin makamashi ta gine-gine da jihohi da yawa ke bi ta ce bututun cikin rufi ya sami kariyar zafi mai lamba R-8 (lambar R na nuna ƙarfin tare zafi). Duk inda aka bar kwano tsirara ko ledar ta yage, gumi zai yi, ya ɗiga, ya zana taswira a silin. Da yawa sun kira mai gyaran rufi a kan wannan tabon, suna zaton ruwan sama ne.

Iskar da ta shiga sai ta sami hanyar fita

Hankalin kowa na kan bututun da ke kawo iska, an manta da wanda ke mayar da ita. Gidaje da yawa babbar raga ɗaya ce a barandar cikin gida take zuƙar iskar gida duka. Da ka rufe ƙofar ɗakin kwana, iska na shigowa ba ta da ta inda za ta koma, sai ta matsa ta fice waje ta jikin taga, baranda kuma ta zuƙo ta waje ta maye gurbinta. Mu kuwa ba mu saba kwana ƙofa a buɗe ba, balle gidan da ke da baƙi ko surukai. Gwada ka gani: fanka na aiki, ka saya ƙofar ka bar 'yar rata. In ta ƙarasa rufe kanta, ɗakin a matse yake. Ana magance shi da raga a bango, ko guntun bututu da zai haye ta cikin rufi daga ɗakin zuwa baranda. Datse gindin ƙofa yana taimakawa a ƙaramin ɗaki, amma bai cika isar babba ba.

Yoyon bututun komawa ya fi na kawowa haɗari, don shi zuƙa yake yi. In ya bi ta gareji, hayaƙin mota da warin fetur zai kwaso ya raba wa ɗakuna. Akwai kuma abin da ba a wasa da shi: gidan da ke da hitar ruwa ko na'urar ɗumama mai gas, sauyin matsin iska na iya janyo hayaƙinta ya dawo ciki maimakon ya fita, kabon monoksaid kuma ba shi da wari. Bayan kowane babban liƙi, a sa ƙwararre ya gwada fitar hayaƙin, a kuma tabbatar da ƙararrawar kabon monoksaid a kowane bene.

Rufe ragar ɗakin da ba kowa don tsimin wuta kuwa gyaran gangar Auzinawa ne. Fanka ba ta san ka rufe ba. Matsi ne zai ƙaru, tsagun da ke akwai su ƙara zubarwa. Haka abin yake da matatar iska. Mutum ya sayo mai lamba MERV 13 (MERV ma'aunin ƙarfin tacewa ne) mai kaurin inci 1 saboda tari ko atishawar yara, ya cusa ta a tsarin da dama a shaƙe yake. In ana son tacewa mai kyau, a sa a yi mata gida mai ɗaukar ta inci 4, wadda faɗin jikinta ya fi yawa, iska ta wuce ba da kokawa ba.

Takardun tallan wanke bututu da ake cusawa a akwatin wasiƙa, da farashin da bai kai kuɗin man motarsu ba, a yi hattara da su. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ce ba a taɓa tabbatar da cewa wanke bututu na hana rashin lafiya ba, kuma ta ba da shawarar a yi shi ne idan an ga fumfuna ƙuru-ƙuru, ko ɓeraye da ƙwari sun shiga, ko datti ya toshe shi har yana fitowa ɗaki. Burushin inji mai kaushi ma yakan keta robar bututu mai lanƙwasa. In kuma gidan an gina shi kafin 1980, ka ga farin abu kamar takarda ko yadi naɗe a mahaɗar bututun kwano, kada ka ɓanɓare, kada ka kankare. Yana iya zama asbesto, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu da ciwon daji. A kira masu lasisi su ɗauki samfur su gwada.

Idan aikin ya fi ƙarfinka za ka ba da kwangila, a rubuta a takarda cewa za a gwada yoyo kafin aiki da bayansa. Ana toshe bakunan bututu duka, a haɗa wata fanka ta awo, a kai matsin iska 25 a ma'aunin Faskal, a karanta yawan iskar da ke zurarewa. Ga sabon gini, dokar nan ta tsimin makamashi tun bugun 2012 ta sa iyaka a CFM 4 ga kowace murabba'in ƙafa 100 ta gida, wato CFM 80 ga gida mai murabba'in ƙafa 2,000. Tsohon gida ba lallai ya kai nan ba, amma ka sami ma'aunin da za ka riƙe. Ka tambayi kamfanin wutar yankinku ma, don da yawansu na mayar da wani ɓangare na kuɗin irin wannan aiki idan an kawo sakamakon gwaji. Cikon kuɗin ɗan kwangila kuma ya jira sai lambobin biyu, ta farko da ta ƙarshe, sun zo hannunka a rubuce, tare da hotunan mahaɗun da ya ce ya liƙe.