Yadda Za Ka Tono Tarihin Filin Ƙwallon Garinku

Kada ka fara da sakamakon wasanni. Wa ya ci wa, da ci nawa, wannan kowane ɗan kallo zai zayyana maka. Fara da sunan filin, ka nemi sunayen da ya taɓa amsawa a baya, domin filin wasa kan canza suna idan mulki ya canza hannu. Dubi na Kinshasa, babban birnin Kongo: an buɗe shi a 1952 da sunan Sarki Baudouin na Beljiyam, a 1967 zamanin Mobutu ya koma Stade du 20 Mai, a 1997 da Mobutu ya faɗi aka sa masa Tata Raphaël. Ka kuma raba sunan takarda da wanda ke bakin mutane. Babban filin birnin Rio a Brazil, a hukumance sunan ɗan jarida Mário Filho yake amsawa, amma kowa Maracanã yake cewa. Duk sunan da ka samo ka rubuta shi, don da tsohon sunan za ka same shi a tsofaffin jaridu.

Daga nan sai ka je da ƙafarka, ranar da babu wasa. Ni na fi son safiya, lokacin ban ruwan ciyawa, sa'ad da ma'aikata ke da sukunin magana. Nemi allon da aka manna ranar buɗewa. Duba ko akwai hanyar tsere kewaye da ciyawar. In akwai, ba don ƙwallo kaɗai aka gina shi ba. Duba inda sabon siminti ya haɗu da tsoho.

Maganar yawan 'yan kallo ita ce ke rikita mutane. Za ka ga wata takarda ta faɗi adadi, wata ta faɗi rabinsa, ka zaci ɗaya ƙarya take. Sau da yawa duk gaskiya ne, shekarun ne suka bambanta. A da tsaye ake kallo, a cunkushe. Ranar 16 ga Yuli 1950, da Uruguay ta doke Brazil 2-1 a Maracanã, mutum 173,850 aka ƙidaya. Yau filin bai kai dubu 80 ba. A Ingila, bayan turmutsitsin 'yan kallo a filin Hillsborough ranar 15 ga Afrilu 1989, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum 97, aka wajabta wa manyan ƙungiyoyi sa kujeru ko'ina. Saboda haka kada ka rubuta adadi ba tare da shekararsa ba. Kuma ka tabbatar ginin ɗaya ne: filin Wembley na Landan da aka buɗe a 1923 rushe shi aka yi, na yanzu na 2007 ne, suna da wuri kawai suka gada.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne ranakun da ba ƙwallo aka buga ba. A wancan filin na Kinshasa Muhammad Ali ya kayar da George Foreman a dambe ranar 30 ga Oktoba 1974. A filin FNB na Johannesburg Mandela ya yi wa jama'a jawabi a Fabrairun 1990 bayan fitowarsa daga kurkuku, a nan kuma aka yi taron juyayin rasuwarsa a Disambar 2013. Babban filin Santiago na ƙasar Chile kuwa, sojojin Janar Pinochet wurin tsare mutane suka mayar da shi a 1973. Naku ma ba zai rasa nasa ba: gangamin siyasa, fareti, taron addini, wasan mawaƙa. Roƙi ofishin manajan filin ya nuna maka littafin da ake rubuta masu hayar wurin.

Sai tsofaffin ma'aikata: mai kula da ciyawa, mai gadi, mai yagar tikiti a ƙofa. Kada ka ce musu "ku ba ni tarihi", za su ce ba su sani ba. Ce musu, "Baba, wace rana ce filin nan ya fi cika?" sannan ka yi shiru. Sai dai tsufa kan haɗa wasanni biyu su zama ɗaya, don haka duk ranar da suka ambata ka je ɗakin karatu ka duba jaridar washegarinta. In wani ya ba ka aron tsohon hoto, ka ɗauke shi da waya gaba da baya, domin a bayan ake rubuta kwanan wata.