Darasi na Tara: Yadda Ake Ƙone Tururin Fenti da Fetur da Taimakon Katalis

Duk wanda ya taɓa wucewa ta rumfar masu feshin mota a Sabon Gari, ko ya tsaya kusa da kafinta yana shafa gam, ya san warin nan mai hawa kai wanda ke tashi da zarar an buɗe gwangwanin tina. Warin tururi ne na wasu sinadarai masu saurin tashi, waɗanda ba sa jiran a ɗora su a wuta kafin su bi iska. Daga cikinsu akwai toluwin da zailin da ke cikin tina da fenti, akwai kuma benzin da ke cikin fetur. Shaƙarsu tana kawo ciwon kai da jiri da ƙaiƙayin ido, benzin kuwa likitoci sun tabbatar cewa yawan shaƙarsa na tsawon shekaru yana iya haddasa sankarar jini.

A manyan masana'antu ana tara iskar da ta gurɓace a bututu a ƙone tururin, domin idan ya ƙone sarai abin da ke saura ruwa ne da iskar kabon dayoksaid. Matsalar ita ce tururin bai da yawa a cikin iskar, saboda haka ba ya kama wuta da kansa, sai an ɗumama iskar gaba ɗaya ta haura digiri 750 a ma'aunin Salshiyas, wannan kuwa yana cin gas mai yawa. Idan aka bi da iskar ta cikin katalis, ƙonewar tana faruwa tsakanin digiri 250 zuwa 450, ba tare da an ga harshen wuta ba.

Katalis abu ne da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Mafi ƙarfinsa ana yin sa ne da filatinam ko faladiyam, amma tsadarsu ta sa masana suka karkata ga ƙarafa masu araha waɗanda suka riga suka haɗu da iskar oksijin, wato oksaid, kamar na manganis da jan ƙarfe da kobalt da seriyam. Tsatsar da muke gani a jikin tsohon kwano ita ma oksaid ce ta baƙin ƙarfe. Yadda aikin ke gudana shi ne, idan tururi ya sauka a fuskar katalis, sai katalis ya ba shi aron oksijin daga jikinsa, tururin ya ƙone, sannan iskar da ke wucewa ta mayar masa da oksijin da ya bayar, ya koma yadda yake, ya karɓi wani tururin. Masana biyu 'yan ƙasar Holan, Mars da van Krevelen, su ne suka bayyana wannan tsari a shekarar 1954.

Tunda aikin a fuska kawai yake faruwa, duk ƙarfen da ke binne a tsakiyar dunƙule asara ce. Saboda haka ake shimfiɗa oksaid ɗin siriri a kan wani abu mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, wanda za mu kira mazauni, galibi alumina (oksaid na alminiyam) ko silika (sinadarin da ke cikin yashi) ko ziyolait (wani ma'adini mai ramuka). Giram ɗaya na alumina mai kyau yana iya samun fuskar da ta kai murabba'in mita 200 idan aka haɗa cikin ramukansa duka, wato kusan rabin fuloti a cikin garin alumina da bai cika cokalin shayi ba. Ana jiƙa mazaunin a ruwan gishirin ƙarfen, wato sinadarin ƙarfen mai narkewa a ruwa, a busar, sannan a gasa shi a tanderu har gishirin ya koma oksaid ya manne. Mazaunin yana kuma hana ƙwayoyin ƙarfen curewa wuri ɗaya idan zafi ya yi yawa, wanda yana cikin abubuwan da ke kashe katalis. A nan Zariya, masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello sun yi aikin haɗa ziyolait daga farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina.

Wanda bai taɓa shiga masana'anta ba ma yana iya ganin irin wannan na'ura a salansar mota, wadda makanikai ke kira indomi. Idan aka fasa ta za a ga tangaran mai ƙananan ƙofofi jere, an shafe cikinsu da alumina da seriyam da ƙarafa masu tsada. Tsadar ce ta sa ake cire ta a sayar, amma motar da aka cire wa ita tana watsa ɗanyen tururin fetur ne a hancin mai tura baro da yaran da ke bakin titi, kuma kuɗin da aka karɓa bai kai wannan cutarwa ba. Abubuwan da ke lalata katalis su ne dalma da farar wuta da kolorin da ƙura da toka, saboda haka injin da ke shan baƙin mai yana toshe indominsa a hankali, gyaran injin da wuri shi ne kare ta.

Ƙaramar rumfa ba za ta iya sayen na'urar masana'anta ba, kuma haɗari ne babba mutum ya gwada ƙone tururin tina da kansa, domin a ɗaki rufaffe yana iya fashewa da ƙyastawar ashana ɗaya. Abin da ke hannun mai sana'a shi ne ya rufe gwangwani da zarar ya ɗiba, ya tara tsummokaran da suka jiƙe da tina a cikin durom mai murfi nesa da janareta, ya yi feshi inda iska ke ratsawa, ya kuma sa takunkumi mai matatar gawayi, domin ƙyalle ko takunkumin asibiti ƙura kawai suke tarewa, tururin yana ratsa su.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta sunayen kaya uku masu irin wannan wari da ke gidansa ko wurin sana'arsa, ya rubuta inda ake ajiye kowanne da kuma ko yana da murfi, ya kawo a karanta a aji mai zuwa.