Kafin ka aika allon da ka zana a KiCad zuwa masana'anta

KiCad, manhajar zana allon kayan lantarki (PCB), kyauta ce, amma allon da aka ƙera da kuskure sai an sake biya. Inda aka fi yin asara shi ne footprint, wato zanen gurbin da kowane ɓangare zai zauna. ERC da DRC, wato binciken kurakurai da KiCad ke yi da kanta, ba su san abin da ke hannunka ba, haɗin layuka da tazara kawai suke dubawa. Misali, transistocin BC547 da PN2222 duk siffar jiki ɗaya (TO-92) gare su, amma jerin ƙafafunsu a juye yake. Sai ka buɗe datasheet, wato takardar bayanin ɓangaren, ka bi lambobin ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ka buga allon a takarda a ma'aunin 1:1 (kashe zaɓin daidaita shafi a firinta, in ba haka ba zai canza girman), ka ɗora kayan a kai ka gani ko sun zauna.

Layin sigina faɗin milimita 0.25 ya isa. Na wuta kuwa, milimita 1 a saman allo mai kaurin jan ƙarfe 1oz yana ɗaukar kusan amfiya 2. Kafasita 100nF ta zauna dab da ƙafar wutar kowace IC (chip).

Danna B don cike zone, wato filin jan ƙarfe, kafin ka fitar da Gerber (fayilolin da masana'anta ke aiki da su), kuma kada ka manta fayil ɗin ramuka, daban ake fitar da shi. Layin Edge.Cuts, wato iyakar allon, dole ya haɗu ya rufe.

In za ka yi masa akwati, fitar da fayil ɗin STEP (siffar allon ta 3D) ka buɗe a manhajar FreeCAD. Bar tazarar milimita 0.5 a gefe, ramin sukurun M3 kuma ya zama milimita 3.2.