Yadda ake hawan via ferrata, hanyar dutse mai igiyar ƙarfe

Yan uwa na Gusau da Bunguɗu da suka saba hawan dutsen Kwatarkwashi da silifa, wannan hawan daban ne wallahi. A tsaunukan Dolomite na Italiya sojoji sun kafa irin waɗannan hanyoyi lokacin yaƙin duniya na ɗaya, daga 1915, waya ce ta ƙarfe a jikin dutse da matakalan ƙarfe.

Da farko ka sa hular kwano, da bel ɗin hawa mai kama ƙugu da cinyoyi, da safar hannu don wayar na yanka. Sai igiya mai reshe biyu, kowane da ƙugiya mai kulle, tsakiyarta akwai jaka mai rage ƙarfin fizga in ka hwaɗo. Igiyar ɗaure akuya ba ta yi malam.

Duba sama, in akwai hadari koma gida, ƙarfe na jawo tsawa.

Sai ka maƙala ƙugiyoyin duka biyu a wayar ka fara hawa, in ka iso inda aka kafe wayar da ƙusa a jikin dutse ka cire ɗaya ka maida ta gaba ka tabbata ta kulle, sannan ka cire ta biyun, kar ka taɓa cire su tare ko da hoto kake so.

Mutum ɗaya tsakanin ƙusa da ƙusa, jira na gabanka ya wuce.

Inda dutsen ya miƙe tsaye ka tura da ƙafa, hannu miƙe, in ka ja da damtse ɗai za ka gaji tun rabi. Saukowa galibi ta wata hanyar ƙafa ce ta baya, ka tambaye ta tun kana ƙasa.