Yadda ake auna tsayin bishiya ko hasumiya da tanjent

Ɗaliban da ke shirin WAEC a Kaduna sun san maɓallin tan na kalkuleta, amma da wuya ka ga wanda aka taɓa fita da shi fili aka nuna masa amfaninsa, kuma abin yana damuna. A alwatika mai kusurwar digiri 90, tanjent shi ne abin da za ka samu in ka raba gefen da ke fuskantar kusurwarka da gefen da ke kwance jikinta. Wato tsayin abu a raba shi da nisanka daga gindinsa.

Fara da haɗa ma'auni. Ɗauko furotirakta, wato ma'aunin kusurwa, daga akwatin lissafi, ka manna tsinken shan lemo a miƙaƙƙen gefenta, sannan ka ɗaura zare a tsakiyar gefen, ƙusa tana reto a ƙarshensa.

Sai ka samu itacen dogon yaro a shimfiɗaɗɗen wuri. Auna mita 20 daga gindinsa da tef ɗin magina, ka tsaya nan, ka leƙa ƙololuwarsa ta cikin tsinken. A nan ake bukatar haƙuri: bari ƙusar ta daina lilo tukuna, abokinka ya karanta inda zaren ya tsaya. Lokacin hunturu iska kan hana zaren zama, sai a kare shi da jiki. In ya tsaya a 60, cire 60 daga 90, kusurwarka digiri 30 ke nan.

Tanjent na 30 kusan 0.577 ne. Ninka shi sau 20, ka samu mita 11.5. Kada ka tsaya nan, don awon daga idonka ya fara. In daga ƙasa zuwa idonka mita 1.5 ne, bishiyar ta kai mita 13. Duba kuma kalkuletar tana kan DEG, wato digiri, in ba haka ba amsar za ta kauce.

Wannan lissafi daga inuwa ya samo asali. Tun ƙarni na 9 masanin taurari Habash al-Hasib ya tsara jadawalin tanjent a Bagadaza.

In babu kalkuleta, yi ta matsawa har zaren ya tsaya a 45. Tanjent na 45 daidai yake da 1, don haka nisanka da tsayin abin daga idonka zuwa sama sun zama ɗaya. Da wannan dabara za ka iya gwada hasumiyar Masallacin Sultan Bello, muddin ka auna nisan daga daidai ƙarƙashin ƙololuwarta.